Sawu a Robar Man Tsigi

Ranar Talata da hantsi aka kwance Tsigi daga goyo a asibiti. Malamar jinya ta ɗaga 'yar rigarta ta duba, sai ta ja da baya ta yi salati.

Yarinya ce 'yar wata bakwai, Tsigi ake ce mata don ƙanƙantarta. Wuyanta da hammatarta da bayan gwiwoyinta sun yi jawur, fatar ta zama kamar ɓawon albasa, jijiyoyi ana ƙirga su, wani wurin ya tsage yana tsattsafo da ruwa. Jiki zafi rau. Kuma ba ta kuka. Shirun nan shi ya kashe wa kakarta gwiwa, don yaron da ke kuka da sauran ƙarfinsa.

Kakar ita ce mai sharar gidan hayar da suke ciki, bene mai hawa uku, ɗaki ashirin da huɗu. Ido-a-Ƙasa ake ce mata. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ubanta mai bin sawun dabbobin sata ne, tun tana ƙarama yake jan ta a baya yana nuna mata ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana share matakalar gidan nan. Ta san takalmin kowa. Ta san wanda ke jan ƙafa, ta san wanda ke tofar da yawu a lungu, har jinin da hannun surukinta mai filasta ke bari a jikin ƙarfen matakala in siminti ya tsattsaga masa yatsu, ita ke goge shi da tsumma.

"Me kuke shafa mata?" in ji malamar.

Auta, 'yar Ido-a-Ƙasa, uwar yarinyar, ta ciro wata farar roba daga jaka. "Wanda kuka ba ni ne, Sista. Na bushewar fata."

Malamar ta buɗe, ta shinshina, ta laƙato kaɗan da ɗan yatsa ta murza. Ta rufe.

"Robar tamu ce. Man ba namu ba ne."

"To na uban wa ne?" in ji Ido-a-Ƙasa. "Yi mini bayani da bakin mutane, ni ban yi boko ba."

"Mama, fatar mutum bango ce. Bulo a jere, siminti a tsakani. Simintin nan shi ke riƙe ruwa a ciki, ya hana datti shiga. Jikarki nata simintin bai kama sosai ba, shi ya sa take bushewa tana ƙaiƙayi. Man da muka bayar liƙi kawai yake yi, ya toshe kafofin, ruwa ya zauna, bangon ya samu ya gyara kansa. Wannan kuwa haɗi ne irin na masu neman fari. Kwana biyu ƙuraje su kwanta a ce an warke, alhali bangon yake kankarewa. Ruwa ya tsiyaye, cuta ta shige. Babba ma yana jin jiki, bare jaririya."

"Za ta tashi?"

"Mun sa mata ƙarin ruwa da magani. Saura na Allah ne." Malamar ta kauda kai. "Amma dole in kai rahoto. Jibi Alhamis jami'ar kula da yara za ta zo gidanku. In ta tabbata uwar ce, ba za a mayar mata da 'yar ba."

Auta ta sulale ta zauna a ƙasa.

* * *

Kafin Ido-a-Ƙasa ta iso gida, labari ya riga ta hawa bene. Matan da ke shanya a baranda suka yi tsit, sai wata daga sama ta ce, yadda kowa zai ji, "Baƙa ta auri dangin farare, ai dole a wanke 'ya." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Mutanen banza. Rabinsu Auta ta riƙe musu yara suna kasuwa.

A hawa na biyu ta tarar da gwaggon Tsigi, yayar mijin Auta, mai ɗinki, tana kakkaɓe wata 'yar katifa a ƙofar ɗakinta.

"Ta wace ce wannan?"

"Ta 'yar ƙanena. Jibi nan za ta dawo. Ba zan zuba ido a soya mana jini ba."

"Yarinyar tana can tsakanin rai da mutuwa, ke har kin yi shimfiɗa. Sannu da ƙoƙari. Kina da mabuɗin ɗakinsu?"

"Ina da shi. Sai me?"

"Kin taɓa kai mata mai?"

Gwaggo ta ɗan daburce. "Na kai sau ɗaya. 'Yarki ta karɓa da yatsa biyu kamar na miƙa mata ɓera."

Mijin Auta na zaune a matakala ta sama. Ido-a-Ƙasa ba ta taɓa kallon fuskarsa sosai ba, kunyar surukuta ta hana, shekara uku ƙafafunsa kawai ta sani. Ta ga takalman aikinsa masu farin ƙurar siminti, ɗaya na murza ɗaya.

"Sannu, Inna," ya ce da wata murya kamar ta mai mura. "Ya jikin nata?"

"Da sauƙi za a ce. Malamar ta ce man da ke robar ne ya kankare mata fata kamar bango. Ɗan nan, kai ba ka da abin faɗa? Matarka ake yanka a baranda."

"Ni kaina ya ɗaure, Inna."

Ta wuce. A ɗakin Auta, a ƙarƙashin gado, ta sami man da Gwaggo ta kawo. Ko ledar bakinsa ba a ɓare ba, ƙura ta yi masa hula. Ta so ƙwarai a ce Gwaggo ce. Amma ubanta ya sha gaya mata: ba inda kike so sawu ya bi za ki bi ba, inda ya bi za ki bi.

* * *

Laraba da safe ta tsaya a ƙofar ɗakin Auta ba ta sa tsintsiya ba tukuna. A cikin ƙurar bakin ƙofa akwai sawun silifa mai tsinin dunduniya, ya shiga ya fito. Mace ɗaya ce a gidan ke sa irinsa: mai shagon gyaran jiki da ke ƙasa, wadda yara da manya ke ce wa Fara-Dole.

Ta same ta a shago tana juya wani abu ruwan ɗorawa a kwano, ƙamshin turare ya cika wurin har yana hawa kai.

"Me kika shiga yi ɗakin 'yata?"

"Dutsen guga na mayar, Inna. Shiga ɗaki ya zama laifi?"

"Kawo hannunki."

"Ni fa na san abin da ake faɗa." Fara-Dole ta ajiye cokali, ta naɗe hannun riga da kanta. "To duba. Duba da kyau."

Damtsen fari ne sol, amma fari irin na rashin lafiya, da jijiyoyi kore, da wasu layuka kamar an ja da farce. Gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin.

"Shekara tara ina shafawa. In na fita rana kamar an watsa mini barkono. Ruwan wanka ma yaji yake mini. In na daina, jikina ya tashi kamar an ƙona ni, in na ci gaba, ga shi nan. Ni na san abin da na yi wa kaina, Inna. Wallahi ko 'yar maƙiyiyata ba zan shafa wa ba, bare Tsigi da ke mini dariya."

Ido-a-Ƙasa ta leƙa kwanon. "Na robar can fari ne. Kuma ba ya ƙamshi."

"To ba nawa ba ne, ni ba na haɗi ba turare. Farin nan marar ƙamshi, akwai wani mai tebur a tashar mota, shi ke aunawa a leda. Ba suna, ba takarda. Maganin komai yake ce masa: ƙuraje, kaushi, faso. Mata ma ba su cika saye ba. 'Yan dako da leburori ne kasuwarsa."

Tsohuwa ta fito daga shagon. Mutum biyu ta zarga, duka sun kuɓuce, ga rana ta yi tsaka, gobe Alhamis. Wani tunani ya zo mata wanda ya fi komai ba ta tsoro: in fa Autar ce? In gorin baƙi ne ya ishe ta? Ta dafa bango, sai da ta yi ta'awizi sau uku kafin ta nufi asibiti.

* * *

A asibiti Tsigi na kwance, an ɗaure mata allurar ƙarin ruwa a kai don hannun ba wurin sokawa. Ƙirjinta na ɗagawa da sauri-sauri kamar na ɗan tsako. Auta na gefe, idanu sun kumbura.

"Dube ni nan," in ji uwar. "Ke ce?"

"Inna!"

"Na tambaye ki. Ke ce?"

"Wallahi, Inna, ko Allah zai kashe ni a nan."

"Ya isa. Yaushe aka ba ki robar?"

"Sati bakwai ke nan."

"Ta kwana nawa suka ce?"

"Wata ɗaya." Auta ta share hanci. "Ni ma na yi mamaki. Ina ta ɗiba safe da yamma ba ya ƙarewa. Na ce albarka ce."

"Albarka! Ke dai an yi sakarya. Mai ba ya haihuwa a roba."

Ta je ta tsaya a kan malamar jinya har sai da ta fito mata da robar daga kabad. Ta kai ta bakin taga, ta buɗe a hankali, ta durƙusa a kanta yadda ubanta ke durƙusawa a bakin rafi.

A tsakiya ga ramin yatsu biyu, ɗibar Auta ta ƙarshe, ga kuma inda malamar ta laƙata jiya. Amma kewaye da su man a shafe yake sumul. Ba yatsa ya shafe shi ba, yatsa na barin kwari. Ba bayan cokali ba, cokali na barin lotsawa. Abu mai faɗi aka ja a kai, ja ɗaya, aka bi gefen robar aka share shi tas, ko ɗigo bai hau baki ba. Kuma ɗan tudun da jan ya bari a hannun hagu ya tsaya.

"Sista, ara mini katakon nan da kuke danna harshe."

Ta luma shi har ƙasa ta yanko gefe guda. Man hawa-hawa ne. Can ƙasa ɗan ragowar na asibiti, mai kauri, mai duhu-duhu. A kansa fari, a kansa wani farin, har hawa biyar, kowanne an daidaita shi kafin a ɗora na gaba. Tsakanin hawa na uku da na huɗu ta tsinci wani abu da bakin farce, ta murza a tafin hannu. Ƙwayar yashi ce, ruwan toka.

Sai ƙarfen matakala ya faɗo mata a rai. Yaushe rabon da ta goge jini a jikinsa? Ta lissafa da yatsu. Ta sake lissafawa. Sati shida.

Ta zauna a benci, robar a hannunta.

* * *

Alhamis da safe jami'ar ta zo da jakarta da takardunta. Aka sa mata kujera a tsakar gidan ƙasa. Malamar jinya ta rako Auta, da robar a leda. Gwaggo ta sauko da sabon mayafi. Fara-Dole ta tsaya a inuwa. Baranda uku duk kawuna. Mijin Auta ya jingina da ginshiƙi, hannuwa a aljihu.

Jami'ar ta buɗe baki za ta fara, Ido-a-Ƙasa ta buga gindin tsintsiya a ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya rubutu ba, amma na iya karatu. Ba ni minti biyar. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin can, ya miƙo hannuwansa."

"Rantsuwa za ki ba mu?" in ji Gwaggo.

"Ba tsafi ba ne, ido ne. Miƙo."

Gwaggo ta miƙa, yatsa duk sukar allura. Fara-Dole ta miƙa nata ba musu. Auta ta miƙa, kaushin wanki har wuyan hannu. Tsohuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta je ta tsaya a gaban surukinta. Yau ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido, karo na farko tun da ya auri 'yarta.

"Ɗan nan, saura kai."

"Haba, Inna," in ji Gwaggo, "uban 'yar ne fa!"

"Na san ko wane ne. Fito da su."

Ya fito da su a hankali. Tafukan sumul. Tsagar da ke tsakanin yatsu ta rufe, sai ɗan jan tabo. Ba kaushi, ba jini.

"Ku duba hannun mai filasta," in ji ta, ta ɗaga murya har hawa na uku. "Mutumin da ke cikin siminti tun safe har yamma. Shekara uku ina goge jininsa a ƙarfen matakala, gefen hagu, don bahago ne. Sati shida ke nan tsummana bai ga ja ba. Wa ya warkar da kai?"

"Laushin hannu ba laifi ba ne, Mama," in ji jami'ar.

"Ba laifi ba ne. Sista, buɗe robar ki nuna mata." Aka buɗe. "Mace in ta ɗebi mai, rami take bari ta rufe ta tafi, yaro na kuka wa ke da lokacin kwalliya? Wannan kuwa an cika an daidaita, an cika an daidaita, hawa biyar, kamar ana shafen bango. Ja ɗaya, daga dama zuwa hagu. An share gefe. Ga yashi a tsakani. A gidan nan kaf mutum ɗaya ne hannunsa ba zai iya ganin rami ya bar shi ba. Da ya zuba ya tafi kamar kowa, da har abada ban gane ba. Hannunsa ne ya ƙi."

Kawunan baranda uku duk suka juya kan mijin.

Mijin ya dubi tafukansa kamar na wani ne. Sai ya durƙusa a ƙasa.

"Shugaban aiki ne ya ce in ya ƙara ganin jini a farin bango in tafi gida," ya ce. "Na shafa nata sau ɗaya, da safe, Auta na wanka. Kwana uku hannun ya rufe. Na ci gaba. Da na ga ya yi ƙasa, na san asibiti ba za su ba da wani ba sai wata ya cika, sai na je tasha. Mutumin ya ce duk ɗaya ne, nasa ma ya fi ƙarfi. Na kwashe nata na zuba a gwangwani na kai wurin aiki, na cika mata da nasa. Da farko ƙurajen har kwanciya suka yi, Inna, na ce na yi dabara. Wallahi ban sani ba."

"Na yarda ba ka sani ba," in ji ta. "Ranar Talata fa? Ranar Talata ka sani. Ka ji an ce bango aka kankare, kai da bango ne abincinka. Ka zauna a matakala, ana cin naman matarka a baranda, yayarka na shimfiɗa katifa, ka ce mini kanka ya ɗaure. Kwana biyu! Da na mutu jiya, da yau ka tsaya nan hannu a aljihu an raba uwa da 'yarta."

"Tsoro na ji, Inna."

"Tsoro? Je ka ga yarinyar da aka soka wa allura a ka, ka ga tsoro."

Auta ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take yi, kamar baƙon da ya ɓata hanya ya shigo gidan. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe baki.

Jami'ar ta yi rubutu mai tsawo. Ta tambayi inda teburin mai man yake a tasha, Fara-Dole ta kwatanta mata har da kalar lemarsa. Ta ce wa mijin zai bi ta ofis ya maimaita abin da ya faɗa. Sannan ta juya ga Auta ta ce, "Koma wurin 'yarki."

"Zazzaɓin ya sauka da asuba," in ji malamar jinya. "Ta yi kuka har ta tashi ɗakin. Fatar za ta ɗauki watanni, a hankali bango ke tashi. Man liƙin kawai, safe da yamma, kada a ƙara komai."

Ido-a-Ƙasa ta runtse ido, ta yi hamdala a ciki. Da ta buɗe, mijin ya miƙe zai bi jami'ar.

"Tsaya. Ranki ya daɗe, ara mini shi tukuna. Ofis ba a nan aka ɓata sunan 'yata ba." Ta nuna bene da tsintsiya. "Ɗaki ashirin da huɗu. Ka ƙwanƙwasa kowanne, ka ce: ni ne, ba ita ba ce. Ka fara da na yayarka."

Jami'ar ta duba agogo, ta dubi tsohuwar, ta koma ta zauna.

Ya hau. Tana biye da shi taki ɗaya a baya. Ƙofa bayan ƙofa, muryarsa na fita da ƙyar, in ta yi ƙasa sai ta ce, "Ba su ji ba," ya sake. Matar nan ta sama mai maganar wanke 'ya ta ƙi buɗewa. Ido-a-Ƙasa ta buga ƙofar da gindin tsintsiya har sai da ta buɗe, ta tsaya ta ji da kunnenta.

Da suka sauko, tsohuwa ta waiwaya. Takalman aikinsa sun bar farin sawu a kowace matakala, a bakin kowace ƙofa, ga inda ya tsaya, ga inda ya juya. Ta jingine tsintsiya a lungu, ta ɗauki mayafinta za ta asibiti.

"Inna, yau ba shara?" wata ta tambaya daga baranda, murya a sanyaye.

"Babu. Gobe ma babu. Duk wadda ta share mini sawun nan, ni da ita ne."